Abubuwan da ya kamata ka sani game da kayan koyarwa na intanet

Malaman makaranta da yawa a yau suna shiga aji da babbar waya a aljihu ko a jaka. Ta wannan wayar ana iya kaiwa ga dubban littattafan yara, da gwaje-gwajen kimiyya, da taswirar duniya, da manhajar da za ta yi makin takardun aji guda kafin a fita tara, kuma mafi yawansu ba a biyan ko kwabo. Sai dai akasarin kayan an ƙera su ne a Amurka da Turai, domin ajin da yaransa ba su wuce talatin ba, kowa da na'urarsa, wuta kuma ba ta ɗaukewa. Malamin da ke tsaye gaban yara tamanin ko ɗari a Kano ko Gusau ko Maraɗi, wanda daga albashinsa yake sayen data, dole ya san wanne zai yi masa aiki, wanne zai cinye masa lokaci da kuɗi a banza.

## Waɗanne irin kaya ne?

Sunayensu suna da yawa, kullum kuma sababbi na fitowa, amma in aka dubi aikin da suke yi ba su wuce kashi biyar ba. Akwai ma'ajiyar darussa da littattafai, irin su Khan Academy da African Storybook da Nigeria Learning Passport. Akwai kayan nuni, masu kawo wa yaro abin da baki ba zai iya kwatantawa ba, irin su PhET da GeoGebra da Google Earth. Akwai kayan auna fahimta, irin su Google Forms da Kahoot! da Plickers. Akwai na tafiyar da aji da isar da saƙo, irin su Google Classroom da Moodle da WhatsApp. Sai na baya-bayan nan, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Gemini da Copilot.

Amfanin sanin wannan rabo shi ne malami ya fara da matsalar ajinsa kafin ya nemi manhaja. Wani damuwarsa yaran aji uku ba sa iya haɗa baƙi. Wata makarantarsu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Wani makin takardu ne ke hana shi barci. Kowace matsala da kayanta, kuma wanda ya san abin da yake nema ba zai cika wayarsa da manhajojin da ba zai taɓa buɗewa ba.

## Shin da gaske suna ƙara wa yara ilimi?

Ya danganta da hannun da suke ciki. A 2005 wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin bai wa kowane yaro a ƙasashe masu tasowa ƙaramar kwamfuta mai araha. Makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja na cikin wuraren farko da aka gwada shirin a 2007. Ƙasar Peru ta rungume shi sosai, ta sayi kwamfutoci fiye da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya bincika makarantun karkara 319 a can, sakamakon da ya fitar a 2012 ya nuna yaran sun ƙware wajen sarrafa kwamfuta, amma makinsu a lissafi da karatu bai ƙaru ba. An raba na'ura, darasin kuwa yana nan yadda yake.

Rahoton ilimi na duniya da UNESCO ta fitar a 2023, wanda dukkansa a kan fasaha yake, ya ce ƙwararan hujjojin da ke nuna fasahar zamani tana ƙara koyo ba su da yawa, kuma wani kaso mai yawa na binciken da ake yaɗawa daga masu sayar da kayan yake fitowa. Ya kuma yi gargaɗin cewa waya kusa da ɗalibi tana raba masa hankali.

A ɗaya gefen, a 2024 Bankin Duniya da gwamnatin jihar Edo sun yi wani gwaji a birnin Benin. Tsawon mako shida, ɗaliban aji ɗaya na babbar sakandare suna tsayawa bayan an tashi, bibbiyu a kan kwamfuta, suna koyon Turanci da manhajar ƙirƙirarriyar basira. Malami ne ke buɗe zaman, ya ba da batu, ya zagaya yana duba abin da na'urar ke faɗa musu. Waɗanda suka shiga shirin sun zarce takwarorinsu a jarrabawar da ta biyo baya. Abin da ya raba Edo da Peru shi ne a Edo an ɗora aikin a kan malami da darasin da aka tsara.

Lokacin korona ma ya koya mana wani abu. Da aka rufe makarantun Najeriya a watan Maris na 2020, makarantu masu tsada sun koma Zoom da Google Classroom, amma jihohi irin su Kaduna da Kano rediyo da talabijin suka nufa, domin su ne ke shiga gidan talaka. Kayan da ya fi amfani shi ne wanda yaro zai iya kaiwa gare shi.

## Me za a duba kafin a zaɓa?

Tambayoyi huɗu sun isa su tace yawancin manhajoji.

Ta farko: zai yi aiki da waya ɗaya? In sai kowane yaro ya riƙe na'ura, to ba na yawancin makarantun gwamnati ba ne.

Ta biyu: zai yi aiki in babu sabis? Abin da ake iya saukewa tun daga gida ya fi abin da sai an tsaya a gaban aji ana jiran ya buɗe. Minti biyar na jira ya isa aji ya kaure da surutu.

Ta uku: nawa zai ci? Bidiyo ne ya fi komai cin data, sai hoto da murya, rubutu kuwa kaɗan yake ci. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara nauyi. A kuma lura, manhajoji da yawa da ake cewa kyauta ne suna da iyaka, wadda in an wuce ta sai an biya da dala.

Ta huɗu: da wane harshe yake, kuma ya dace da abin da hukumar NERDC ta tsara wa wannan ajin? Darasi mai kyau da aka shirya wa yaron Kalifoniya zai iya zuwa da misalan da yaron Daura bai taɓa gani ba.

Ban da wayar, ƙaramar lasifika mai caji ita ce abin da ya fi cancanta a fara saya, domin da ita murya ke kaiwa bencin baya. Sai batirin ajiye caji ko ƙaramar sola. Majigi mai batir yana da amfani matuƙa, amma wannan nauyin makaranta ne ko ƙungiyar iyaye da malamai.

## Ina za a samu littattafan yara da Hausa?

Nan ne intanet ta fi yi wa malamin firamare rana. Yaro ba ya iya karatu sai da abin karantawa, kuma azuzuwanmu da yawa littafin da ke hannun malami ne kaɗai.

African Storybook shiri ne na cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu, wanda aka buɗe shafinsa a 2014. Yana ɗauke da dubban labaran yara masu hotuna a harsunan Afirka da dama, har da Hausa, an jera su daga mai kalma ɗaiɗaya zuwa mai dogon labari. StoryWeaver na kamfanin Pratham Books na Indiya, wanda ya fara a 2015, shi ma haka yake. Akwai Global Digital Library da hukumar raya ƙasashe ta Norway ta ƙaddamar a 2018, da Bloom Library na ƙungiyar SIL. Dukkansu suna da littattafan Hausa, kuma lasisin yawancin littattafan ya ba kowa izinin saukewa da bugawa da fassarawa ba tare da biya ba.

Hanyar amfani da su ba ta da wuya. Malami ya sauke labari a gida. In makaranta za ta iya buga kwafi goma, a raba wa rukuni goma. In ba hali, ya kwafe jimlolin a allo ko a kwali da manyan baƙaƙe, ya zagaya da wayar yana nuna hotunan, ya karanta da ƙarfi, yara su bi, sannan ya tsaya ya tambaye su me suke tsammani zai faru a gaba. Labari ɗaya sabo kowane mako, a shekara yaro ya ji labarai fiye da talatin.

Sai dai a karanta kowane littafi kafin a kai aji. Masu sa-kai ne suka fassara da yawa daga ciki, don haka ana cin karo da kuskuren rubutu, da rashin baƙaƙe masu ƙugiya, da karin harshen da ba na yankin ba. Tunda lasisin ya yarda, malami yana iya gyarawa, yana ma iya rubuta nasa labarin ya ɗora, wasu su amfana. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa da duk baƙaƙenta, sai dai a shiga saitin waya a ƙara ta.

Ga Najeriya kuma akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a watan Maris na 2022 da fasahar Microsoft. Rajista kyauta ce, darussan sun bi tsarin karatun ƙasar, kuma ban da Turanci akwai na Hausa da Yarabanci da Igbo.

## Yaya za a koyar da kimiyya da lissafi babu ɗakin gwaji?

Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin fiziks a 2001, shi ya kafa PhET a jami'ar Colorado da ke Boulder a 2002. Shafin yana da kwaikwayon gwaje-gwaje fiye da 150 na fiziks da kemistiri da bayoloji da lissafi. A ciki ana haɗa batir da waya da ƙwan fitila a ga wuta ta kama, ana gina ƙwayar zarra, ana ɗumama ruwa a ga yadda ƙwayoyinsa ke watsewa su zama tururi. Ana iya sauke kowane gwaji a matsayin fayil guda mai buɗewa babu intanet.

Gani ya kori ji, amma gani kaɗai bai isa ba. In malami ya nuna kawai, yara za su yi kallo su manta. Dabarar ita ce a tambaya kafin a nuna. Misali: ga ƙwan fitila ɗaya yana ci, in na jona na biyu a bayansa a layi ɗaya, hasken zai ƙaru ne ko zai ragu? Kowa ya rubuta amsarsa, a ƙirga hannuwa, sannan a jona. Da suka ga hasken ya dusashe, waɗanda suka ce zai ƙaru su ne za su fi son jin dalili, kuma a nan darasin yake shiga. In kuwa batirin tocila da ƙwan fitila da wayar wuta suna samuwa a kasuwa, a kawo na gaske yara su taɓa, a bar wa PhET abin da ido ba ya gani ko wanda ke da haɗari.

GeoGebra, wanda Markus Hohenwarter ya fara a jami'ar Salzburg ta Ostiriya a 2001, na malamin lissafi ne. Ana zana alwatika, a ja kusurwa ɗaya da yatsa, siffar tana sauyawa amma jimillar kusurwoyin ba ta barin digiri 180. Ana sauya lamba a lissafin aljabara a ga layin jadawali ya karkata nan take. Manhajarsa ta waya tana aiki babu sabis.

Malamin labarin ƙasa kuwa da Google Earth zai iya bin kogin Neja daga tsaunukan Gini, ta Mali da Yamai, har Lokoja inda ya haɗu da Binuwai. Akwai kuma sashen da ke jera hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1984, inda yara za su ga yadda Abuja ko Kano ta faɗaɗa ta cinye gonaki. Yana cin data, don haka gara a ɗauki hotunan allon waya tun a gida.

Khan Academy ta samo asali ne a 2004, lokacin da Salman Khan ya fara koya wa wata 'yar uwarsa lissafi daga nesa, ta zama ƙungiya mai zaman kanta a 2008. Turancin bidiyonta na Amurka ne, yana yi wa yaran firamare sauri. Babban amfaninta a wajenmu shi ne ga malamin kansa: ya kalli yadda aka warware batu da daddare, da safe ya koyar da shi da harshen da yaransa ke ji. Malaman Nijar da Kamaru da Chadi suna da sashen Faransanci, wanda ƙungiyar Bibliothèques Sans Frontières ta fassara.

## In babu intanet kwata-kwata fa?

Akwai kayan da domin wannan aka yi su. Kolibri, na ƙungiyar Learning Equality, ana sa shi a kwamfuta ɗaya, ko da tsohuwa ce, a cika ta da darussan Khan Academy da PhET da African Storybook sau ɗaya a inda akwai sabis. Bayan haka sauran wayoyi da kwamfutocin makaranta za su riƙa shiga ta Wi-Fi na cikin gida, babu sayen data. Malami yana iya ba da aiki a ciki, ya ga wanda ya gama da wanda ya maƙale.

Kiwix, wanda ya fara a 2007, yana tattara Wikipedia cikin fayil guda da ake karantawa babu intanet. Ta Turanci gaba ɗaya da hotunanta tana da nauyi ƙwarai, amma akwai ƙananan sassa na lissafi ko kimiyya ko lafiya, akwai kuma ta Hausa da ba ta cin wuri.

Hanya mafi sauƙi kuwa mun riga mun saba da ita wajen tura finafinai da wa'azi: katin memori da Xender da Bluetooth. Malami ɗaya ya shiga gari ya sauke, malamai goma su karɓa a ofishin hedimasta. Da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zai sa a haɗa irin wannan katin ga kowane aji a farkon zango, kuɗin da za a kashe kaɗan ne.

## Ta yaya suke sauƙaƙa gwaji da maki?

Masana halayyar ɗan'adam biyu, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun nuna a 2006 cewa ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda, a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Alarammomi sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ake biya hadda da ka. Ke nan gajeriyar tambaya a kai a kai wani ɓangare ne na koyarwa. Abin da ke hana malami yin ta shi ne wahalar maki, kuma a nan waya ke taimakawa.

Plickers na buƙatar waya ɗaya tak. Ana buga wa kowane yaro kati mai wani zane, wanda kowane gefensa ke nufin A ko B ko C ko D. Malami ya yi tambaya, yara su ɗaga katunan, ya zagaya ajin da kyamarar waya, nan take ya ga nawa suka gane. Katunan 63 ne, don haka a babban aji sai yara biyu su haɗu a kan kati ɗaya, kuma manhajar tana son sabis. ZipGrade kuwa takardar zaɓi ake bugawa, yara su cike da fensir, kyamara ta yi makin kowace takarda cikin daƙiƙa, har ta nuna tambayar da ta fi kayar da aji.

Google Forms yana yin maki da kansa, ya dace da ɗaliban sakandare da na kwaleji masu waya. Kahoot!, wanda ya fito daga Norway a 2013, yana mayar da tambayoyi gasa, yara suna sonsa ƙwarai, amma yana buƙatar babban allo da na'urori da sabis mai ƙarfi, kuma yana fifita mai sauri a kan mai natsuwa.

Akwai wani dalilin da ya sa wannan ya zama dole. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, WAEC ma ta fara haka a 2024 da masu zana jarrabawar a waje. Zalunci ne a bar yaro sai ranar jarrabawa zai fara taɓa kwamfuta. Duk da haka, tambayar zaɓi ba ta auna iya rubuta insha'i ko bin matakan lissafi. Wannan har gobe sai malami da jan biro.

## WhatsApp da Google Classroom fa?

Google Classroom, wanda ya fito a 2014, yana tattara jinga da maki da sanarwa wuri guda. Moodle, wanda Martin Dougiamas na Ostireliya ya fitar a 2002, jami'o'i ne suka fi amfani da shi. Dukkansu sun dace da inda ɗalibai ke da na'ura da adireshin imel.

A firamare da ƙaramar sakandare, WhatsApp ne ke hannun iyaye. Saƙon murya na minti ɗaya da Hausa, mai cewa ga abin da aka koya wannan makon, a tambayi yaro kaza, yana kaiwa ga uwar da ba ta yi boko ba. Amma zauren na iyaye ne, ba na yara ba. A saita shi yadda malami ne kawai ke turawa, kada a sa makin yaro ko laifinsa a bainar jama'a, kuma kada malami ya riƙa hira ta sirri da ɗalibi ko ɗaliba. Mafi muhimmanci, kada a ɗora maki a kan aikin da sai da waya ake yi. A kowane aji akwai yaran da gidansu babu babbar waya, akwai kuma 'yan matan da ba a ba su ita ko da akwai.

## Ƙirƙirarriyar basira: a yi amfani da ita ko a guje ta?

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, malamai ke amfani da irinsa wajen tsara darasi, da fitar da tambayoyi ashirin a kan batu guda, da sauƙaƙa dogon rubutu ya dace da ƙaramin aji. Yana rage wahala, musamman in an yi masa cikakken bayani: aji kaza, yara kaza, minti arba'in, allo da alli ne kawai.

Amma yana faɗin kuskure da cikakken tabbaci. Yana iya ƙirƙiro shekara ko sunan littafi ko amsar lissafi da ba daidai ba, musamman a tarihinmu da al'amuran addini. Hausarsa ma ba ta kai Turancinsa ba. Haka Google Translate, wanda ya sa Hausa tun 2013, yana taimakawa wajen gane ma'ana, amma fassararsa ba ta shiga allo sai an gyara. Ƙa'idar ita ce duk abin da malami ba zai iya tantancewa da littafi ko da iliminsa ba, kada ya kai shi aji.

Ɗalibai ma sun san hanyar. Manhajojin da ke da'awar gano rubutun na'ura ba abin dogaro ba ne: kamfanin OpenAI mai ChatGPT da kansa ya janye tasa a 2023 saboda yawan kuskure. Abin da ya fi shi ne a riƙa yin wani ɓangare na rubutu a cikin aji, a kuma sa ɗalibi ya tashi ya yi bayanin abin da ya kawo.

## Akwai abin da ya shafi Islamiyya da tsangaya?

Akwai. Shafuka irin su Quran.com da Tanzil suna da matanin Alƙur'ani da fassarori, ciki har da ta Hausa ta marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. Ana iya sa aya ta yi ta maimaituwa da muryar ƙwararren makaranci, yara suna bi ta lasifika. Abin lura shi ne yawancin manhajojin da ruwayar Hafs suke zuwa, alhali tsangayunmu da Warsh suka saba. Sai an duba an zaɓi wadda ake karantarwa, don kada a rikita yaro. Marigayi Sheikh Mahmud Khalil Alhusari na Masar ya yi karatun duka biyun. Gyaran makhraji kuwa sai kunnen malami, domin karatun Alƙur'ani daga baki ake karɓarsa.

## Malami zai iya ƙaro nasa ilimin ta nan?

Ƙwarai. Shirin TESSA, wanda Open University ta Ingila ta fara a 2005 tare da cibiyoyin Afirka, har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ya tanadi darussan dabarun koyarwa kyauta da Turanci da Faransanci da Larabci da Suwahili. An rubuta su ne da tunanin babban aji mai ƙarancin kaya, shi ya sa suka fi kusa da mu. A Nijar akwai IFADEM, shirin horar da malaman firamare daga nesa na ƙasashe masu amfani da Faransanci. Zauren WhatsApp na malaman darasi ɗaya a yanki ɗaya, in an tsare shi a kan aiki, shi ma makaranta ne.

## Waɗanne haɗura za a kiyaye?

Na farko sirrin yara. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Kada a sa cikakken suna ko hoto ko makin yara a manhajar da ba a san inda take kai su ba. Lambar rajista ta isa. Hoton yaro yana kuka ko ya kasa karatu ba abin ɗorawa a TikTok ba ne.

Na biyu talla da abin da bai dace ba. Bidiyon YouTube da aka buɗe kai tsaye a gaban yara zai iya zuwa da komai, don haka a kalle shi tukuna har ƙarshe.

Na uku, manhajoji suna mutuwa. Edmodo, da miliyoyin malamai da ɗalibai suka dogara da shi, an rufe shi a Satumban 2022. Google ya rufe Jamboard a ƙarshen 2024. Duk tambaya da darasin da ka sha wahalar shiryawa, ka ajiye kwafinsa a naka wurin.

## Ta ina za a fara?

Ka zaɓi matsala ɗaya da kaya ɗaya, ka riƙe su zango guda. In karatu ne, labarin Hausa ɗaya kowane mako. In kimiyya ce, gwaji ɗaya ga kowane babi. Ka gwada komai a gida kafin aji, ka kuma tanadi abin da za ka yi in caji ya ƙare. Ka yi wa yara gajeren gwaji a farkon zango da ƙarshensa. In ka ga ci gaba ka ɗore, ka kuma nuna wa abokin aikinka. In ba ka gani ba ka sauya.

Hukumomi ma suna da nasu rabon. Bai kamata malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ya zama shi ke sayen datar koyar da 'ya'yan jama'a ba. Kafin UBEC da hukumomin SUBEB su ba da kwangilar kwamfutocin da za su ƙare a kulle a sito, su fara da sola a makaranta, da buga littattafan Hausa da suke nan kyauta, da horon da ake yi wa malami a cikin ajinsa ana komowa ana dubawa. Iyaye kuma su riƙa tambayar makaranta, duk lokacin da aka nemi kuɗin wata sabuwar na'ura, me yaro zai iya a ƙarshen zango wanda bai iya ba a farkonsa.